Mai Ƙirga Sarƙa a Bakin Gangare

A gidan man da ke bakin gangaren dutse, wani dattijo yana durƙushe tsakanin motarsa da 'yar farar tirelar kwana, wato ɗan ɗaki mai taya da mota ke ja, mai jikin faiba mara nauyi. Wandonsa a goge, takalminsa na sheƙi. Ina tsaye gefe ina kallonsa, ina zaton tsohon injiniya ne.

Yana ɗaure sandunan ƙarfe biyu masu raba nauyin tirela, don kada goshin mota ya ɗaga. Dole sarƙoƙinsu su zo daidai. Ta hagu ya ƙirga zobe biyar. Ta dama ya ƙirga, ya tsaya, ya sake, ya kuma sakewa. Malaminmu na kafinta a makarantar mishan yakan ce mai awo sau uku ya manta na farko ne.

"Orval, sai mun tsufa a nan?" in ji matarsa daga mota.

"Ai kin riga kin tsufa, madam. Shekara arba'in nake wannan aiki."

Ya kakkaɓe gwiwa, suka hau hanya, iska na kaɗa tirelar. Inda ya durƙusa, ga ƙusar da ke kulle sandar dama yashe a ƙasa. Na ɗaga ta ina ƙwala kira, amma sun soma gangara.