Zaren da Ban Shafa wa Kaki Ba

Ranar Laraba ce, ranar kasuwar bakin ruwa, cikin bazarar shekarar da na cika goma sha biyu. Ina laɓe bayan wani kifaffen kwale-kwale, yatsuna sun yi baƙi ƙirin da shunin zare, ina kallon ƙanwata Indo zaune a kan dutse da sandar fatsa a hannu, masunta sun kewaye ta. An yi mata sabon kitso, an rangaɗa mata kwalli. Sandar nan ni na naɗe ta tun daga mariƙi har tsini, kwana huɗu ina fama. Amma abin da ke shiga kunnena shi ne, "Kai jama'a, ku dubi sandar Indo!"

Sana'ar babanmu ke nan, Malam Ɗanjuma, a ƙauyenmu na gaɓar Kwara, kusa da Yawuri. Ba ya tara sanduna ya kai kasuwa. Sai mutum ya zo zaure, ya auna masa hannu daga gwiwa zuwa yatsa, ya tambaye shi ko daga jirgi yake jifa ko daga gaɓa, sannan ya zaɓar masa gora. Ya gasa ta a garwashi ya miƙar da ita, ya cusa siririya cikin kakkaura, a naɗe mahaɗin da zaren da aka shafa wa kakin zuma don kada ruwa ya saki naɗin. Mu biyu kaɗai ya haifa, duk mata, naɗin kuma ya faɗo kaina. Da safe in share tsakar gida, in ɗebo ruwa, in kora awaki fadama, sannan in zauna gefensa da zare a haƙori har la'asar, ina jiyo tsarana suna carafke a bayan danga. Indo ce aka sa boko. Da na yi magana, Baba ya ce, "Hannun Kulu ba na alli ba ne, na zare ne." Na ɗauka yabo ne. Sai da na kai shekara arba'in da ɗoriya, bayan na yi ƙaura zuwa ƙasar waje, a ajin manya a garin Hyattsville, na fara rubuta sunana da kaina.

A shekarar nan ruwa ya janye, kifi ya yi ƙaranci, kasuwa ta mutu murus. Masunta suka koma ɗaure tsofaffin sandunansu da tsumma da roba. Sai a yi sati babu wanda ya yi sallama a zaurenmu, gora na jingine tana ta bushewa. Nan Baba ya fito da dabara. Ya ce masunci ba zai yi sha'awar sandar da ke jingine a bango ba, sai ya gan ta ta lanƙwashe da kifi, don haka duk Laraba za a zaunar da ɗayarmu a mashiga ta yi fatsa a gaban jama'a. Har na fara wanke zanena. Sai ya ce Indo. Wai ita tana da fara'a, ni kuwa in na kalli mutum sai ya zaci akuyata ya kashe. Abin haushin shi ne dabarar ta ci. Laraba uku, mutane suka fara dawowa zaure suna cewa a yi musu "irin ta Indo", ina zaune a gabansu da zare a baki, ko sannu babu.

Zan faɗa yadda yake, ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Sandar da za ta fita da ita Laraba ta huɗu, da na zo mahaɗi, na ajiye kakin gefe na naɗe shi da busasshen zare. Na jera shi tsaf, ido ba zai gane ba. Ba rushe sana'ar Baba nake so ba. So nake a tambaya wa ya yi wannan aiki, a kira sunana a bakin ruwa, ko da zagi ne.

To, ranar ce nake laɓe bayan kwale-kwalen. Hantsi ya ɗaga, zaren ya sha ruwa, sai wata ƙatuwar tarwaɗa ta kama. Sanda ta lanƙwashe, mutane suka yi ca, Indo ta miƙe tana ja. Ina kallo naɗin ya warware kamar an tsefe kitso. Rabin sandar ya bi kifin ya tafi, Indo ta faɗi zaune a laka da guntun gora a hannu. Aka fashe da dariya. Baba ya tako ya karɓi guntun, ya kai zaren hancinsa ya shinshina. Babu ƙanshin zuma. Ya ɗaga ido, bai ma nema ba, kai tsaye ya dube ni inda nake. Na tsaya cak ina jira. Sai ya juya ga masunta ya ce, "Ku yi haƙuri, hannuna ne ya tsufa."

Ko laifin ma ba a ba ni ba. Waɗanda suka ba da aiki suka janye, damina ta same shi yana noma a gonar wasu, mutumin da bai saba riƙe fartanya ba. Bai dake ni ba, da ma ya daka. Sai bayan kaka, da aka sake kawo aiki, ya miƙo mini baƙin zare da kaki ya ce, "Yi zagaye uku a ƙarƙashin mariƙi, inda babban yatsa ke zama. Wannan naki ne. Mai kallo ba zai gani ba, mai riƙewa zai ji."

Yau a garejin gidana a garin Bowie, nan ƙasar waje, nake naɗin. Sandunan ba na gora ba ne, kakin ma wani man kanti ne mai daskarewa kamar gilashi, amma har yanzu sai na auna hannun mutum. Bana kasuwa ta yi sanyi, an sallami mutane da yawa daga aiki, wa zai sa a yi masa sanda ta musamman? Na tuna dabarar Baba. Duk Asabar 'yata Safiya takan ɗauki sanda ta tafi bakin kogin Potomac, ta yi fatsa tana murmushi, ta ɗauka a waya ta watsa. Waya ta fara ƙara. Kowa kuma irin ta Safiya yake so. Na yi mata ƙorafi da Hausa, ta amsa da Turanci tana dariya, wai in zo a ɗauke ni mana. Na dubi fuskata a madubin mota, na ga Baba bai yi ƙarya ba.

Kwanan baya na kira Indo, tana can Yawuri da jikokinta, na ba ta labarin kakin, karo na farko. Sai ta ce, "Yaya Kulu, ai na sani. Ni ma da na samu dama da na kwance miki. Kina inuwa kusa da Baba wuni guda, ni ina rana ina yi wa ƙattai murmushi, ko ƙulli ɗaya bai koya mini ba." Na ce ƙarya take, ta ce in je in tambaye shi a kushewa. Muka yi dariya har na share ido da bakin mayafi.

Ban ce na warke ba. In na ji an ce sandar Safiya, kishin nan yakan taso mini. Sai in ja kujera, in ɗauko baƙin zare, in shafe shi sosai, in yi zagayena uku.