Barira da Balbelun Tsibiri

A hanyar Roni daga Kazaure akwai wani tafki da ba ya ƙafewa. A tsakiyarsa akwai ɗan tsibiri, tudu ne kawai da itatuwan bagaruwa, kuma a kansu balbelu ke yin sheƙa. Tun rasuwar mijinta, da kashin tsuntsayen nan Barira ke noman albasa. Da kaka ta yi sai ta shiga kwalekwalen Kawu Lauwali masunci, ta tsallaka, ta kankare farin kashin da ya taru a gindin itatuwa, ta ciko buhuna. Takin zamani kuwa sai dai ta hango a gonar wasu.

Mace ce mai son sanin dalilin komai. Takan tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon sheƙa har Kawu ya gaji ya ƙwala mata kira.

To, da damina dole a ɗaure awaki kada su shiga gonaki, a riƙa yanko musu ciyawa. Sai wani mai wayon banza ya ce me zai hana a kai su tsibiri? Ba turke, ba igiya, ruwa ne shinge. Duk gari aka ɗauka. Lalaci ne, ba wani abu ba!

Kashi ya fara raguwa, tsuntsaye na ƙaura. Barira ta zargi maciji, ta zargi shaho. Sai da ta duba da kyau ta ga an saɓule ɓawon kowace bagaruwa daidai inda bakin akuya zai kai in ta miƙe tsaye. Wasu har sun bushe, ƙanana kuwa ko ɗaya bai tsira ba.

"Kawu, wa ya feɗe itatuwan nan?"

"Baƙi ne, masu gemu."

"Ai kai ka kawo su!"

"Ni wanda ya shigo nake ɗauka. Ke na taɓa tambayarki warin da kike loda min?"

Ta kai kuka wurin mai unguwa. Ya ce, "Yanzu Barira, a kan kashin tsuntsu zan ce jama'a su kwashe awakinsu?" Aka kwashe da dariya. Wai manya ke nan.

Ba ta sake roƙon kowa ba. Ta sari ƙayar magarya da rani, ta yi ta jigila, ta kewaye itatuwan da suka rage da rai.

Da ruwa ya sauka ta sa Kawu ya kai ta ta gani. Awaki na zagaya shinge suna kuka. Balbelu kuwa ga su nan fari fat a sama, suna saukowa suna zare tsinkayen ƙayar suna kai wa sheƙa.

"Ku ji marasa kunya! Ina tsare muku gida kuna sace min shinge?"

Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce wa Kawu gobe ya zo da wuri, akwai ƙarin ƙaya. Kakar nan ta samu abin da ya ishi albasarta.