Zazzaɓin Kwamfuta da Man Kaɗen Kaka

A watan Maris na shekarar 2007, lokacin da tutoci suka cika titunan Accra don Ghana ta cika shekara hamsin da samun ’yancin kai, wata Asabar da hantsi na ga kakata tana taɓa kwamfuta da bayan hannunta. Akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin tebur ta dafa, kamar yadda take dafa goshin jika, sannan ta janye hannu ta ce, “Zazzaɓi ne.” Yayana Mutala ya tuntsire da dariya har da dukan cinya. Ni ban yi dariya ba, don na taɓa da kaina na ji, kuma wallahi zafin ya fi na ƙanena ran da sauro ya kayar da shi. Shekarata goma sha biyu a lokacin, ga ni da shegen tambaya. Tun daga nan abin ya tsaya mini a rai: me ke sa ƙarfe zazzaɓi?

Gidanmu a unguwar Nima gidan haya ne mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya wanda ke kawo ruwa ran da ya ga dama. Da asuba mu ’yan mata mu fita da jarkoki neman ruwa, mu dawo mu share, a aike mu sayen koko da ƙosai, sai boko, da yamma makarantar allo. Abin da ya rage na yini kuwa na ampe ne, wasan tsalle da tafi da muke yi a lungu har ƙafafunmu su yi furu-furu. Kaka, mahaifiyar Babanmu, ƙafa ta riga ta hana ta fita. Tana zaune a bakin ɗakinta da ƙwaryar man kaɗe da ake kawo mata daga arewa, tana gutsura wa masu saye a ganye. A wurinta babu ciwon da ya fi ƙarfin man nan. Targaɗe, ƙuna, mura, kaushi, cibiyar jariri, kai har ƙofa idan ta cika kuka sai an shafa mata.

Babanmu yana Amurka. Ya tafi ina ’yar ƙarama, takardunsa ba su fito ba, don haka ba halin ya zo ya koma. Muryarsa muna ji a waya, amma fuskarsa sai a wani tsohon hoto da ya fara koɗewa. A shekarar nan ya ba wani mai dawowa gida faifan bidiyo da ya ɗauki kansa yana gaishe mu. Muka saka a na’urar kallon fim ta maƙwabta, ta tofo shi. Muka saka a kwamfutarmu, wadda ƙanen Baba, Kawu Isa, ya samo daga wani shagon intanet da aka rufe a unguwar Maamobi, sai ta karɓa amma da ƙyar. Fuskar Baba ta fito ta daskare, baki a buɗe, murya na tsinkewa, “As… sa… la…” sai shiru, sai ta yi tsalle zuwa wani wuri. Kaka ta kawar da kai ta ce a kashe, ba za ta kalli ɗanta yana shaƙewa ba. Aka ce a ɗauki Kaka a kai ta shagon intanet ta kalla a can, ta ce Allah ya kiyaye ta yi kukan ɗanta a gaban samarin unguwa. Ga shi idonta na dama ya soma yin hazo, na hagun ma yana bin sahu. Kowa a gidan ya san abin da ake tsoro, ba wanda ya faɗa.

Kawu Isa ya yanke hukunci irin na mutanen Zongo da ba su damu da mace ko namiji a magana ba: “Kwamfutan nan ya tsufa, a ba ’yan kondem.” ’Yan kondem su ne masu tura kura suna sayen tsofaffin ƙarafa. Sabuwa kuwa ba a ko maganarta a gidanmu. Sai Yaya Mutala, wanda ke yini a shagunan intanet har Mma, mahaifiyarmu, ta gaji da faɗa, ya ce akwai dabara. A cikin akwatin, in ji shi, akwai ƙwaƙwalwa, ɗan fili ne da bai kai tafin hannuna ba, kuma tana aiki ne da bugun wani agogo. Masu ƙera ta sukan bar ta tana tafiya ƙasa da ƙarfinta. Idan ka shiga wani shuɗin shafi da ke fitowa kafin ta gama tashi, ka ɗaga lambar bugun kaɗan, sai ta ƙara sauri. Shi da abokansa bulala suke kiran abin. Na dame shi da tambaya. Ina agogon yake? Me ya sa ba a jin ƙararsa? In tana iya gudu, don me aka ce ta yi tafiya? Ya ce, “Ke Safiya, bakinki ba ya ciwo?” amma ya matsa mini na zauna, har ya bar ni na danna maɓallin da hannuna.

Bulala ta yi aiki. Baba ya yi sallama cikakkiya, ya ɗaga hannu, muka yi ihu a kira Kaka. Kafin a taso ta a riƙo ta zuwa ɗakin, fankar cikin akwatin ta hau kururuwa, allon ya yi ɗif. Ranar ke nan da Kaka ta dafa ta ta ce zazzaɓi ne. Da Yaya ya gama dariyarsa sai ya yarda cewa gaskiyarta, gudu ne ke kawo zafi, in zafin ya yi yawa kuma ƙwaƙwalwar kan kashe kanta don kada ta ƙone. Ya kwance murfin gefe, na leƙa. Ban taɓa ganin gari irin wannan ba, tituna koraye, ’yan gidaje baƙaƙe, ƙura ta yi kirtani ko’ina. A kan ƙwaƙwalwar akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, shi ke zuƙe zafi ya miƙa wa fanka. Da ya ɗaga shi, sai ga wani abu toka-toka a tsakani ya bushe ya farfashe. Yaya ya ce mai ne na musamman da ke haɗa su biyun don zafi ya wuce, kuma ya mutu. Kaka na jin an ce mai, ta miƙo ƙwarya.

Kada ku ce ba mu yi tunani ba. Mun yi. Mai dai mai ne, kuma wannan man ya warkar da mu duka. Mma ta ce a gwada, Yaya ya ɗaga kafaɗa, ni na lakato na shafa siriri yadda ake yi wa jariri. Abin mamaki, da aka kunna, lambar zafi a shuɗin shafin ta sauko! Kaka ta gyara zama ta ce, “Boko dai boko ne.” Muka saka faifan. Ba a jima ba wani ƙamshi ya cika ɗakin, ƙamshin man kaɗe mai ɗumi, sak na ɗakin mai jego. Na leƙa na ga man ya narke yana gangarowa kan koren allon. Fanka ta yi kuka, komai ya mutu, muka danna muka danna ta ƙi tashi. Na fita bayan gida na yi kuka mai isata. Washegari da na ji mai kura na kiran “Kondem! Kondem!” a lungu, sai na je na zauna a kan akwatin, na ce sai dai a sayar da mu tare.

Kawu ya ba mu zuwa ƙarshen mako. Muka goge man da auduga da sifirit, muka bi haƙoran matajin da tsohon buroshi har wani dunƙulen ƙura ya fito, Yaya ya cire wani ɗan batir mai kama da kwabo ya mayar don ta manta bulalar da aka yi mata. Ta tashi! Muka hau trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa Circle, inda masu gyaran waya da kwamfuta suka cika bakin titi, muka samo man gaske a cikin ’yar sirinji. Mai shagon da ya ji labarin man kaɗe sai da ya kira maƙwabcinsa ya maimaita masa. Amma ko da sabon man, zafin bai sauka yadda ake so ba, don ɗakinmu rufin kwano ne, da rana ko mutum dahuwa yake yi. A nan ne tambayata ta yi rana. Na daɗe ina mamakin randar Kaka, wadda ke cikin lungun da ya ratsa tsakanin ɗakinta da katanga, kullum ruwanta da sanyi. Na tambaye ta, ta ce randa gumi take yi, iska ta sha gumin, shi ya sa ba a ajiye ta sai inda iska ke wucewa. Na ce wa Yaya to mu kai kwamfutar inda randa take. Ya buɗe baki zai yi mini tsiya, sai kuma ya yarda.

Da safe bayan an sha koko, kafin rana ta hau kwano, muka ja wayar lantarki zuwa lungun. Muka bar murfin a buɗe, muka kafa fankar Mma tana hura cikin akwatin, Yaya ya ɗaga lambar kaɗan, ƙasa da ta farko. Aka zaunar da Kaka dab da allon, hancinta ya kusa taɓa gilas. Ita kuma ba ta yarda da fanka ita kaɗai ba, ta riƙo maficin hura wutarta tana yi wa akwatin fifita. Sai ga Baba, cikin wata ƙatuwar riga, dusar ƙanƙara fara fat ta rufe ƙasa a bayansa, hayaƙi na fita daga bakinsa. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gemu. Ya gaida mahaifiyarsa ya ce, “Mma, ina kwana? Ya ƙafa?” Kaka ta amsa masa, “Da sauƙi, Alhamdu lillahi,” ta ci gaba da amsa duk gaisuwarsa ɗaya bayan ɗaya. Ni idona rabi na kan Baba rabi na kan fanka, ina roƙon Allah. Bai tsinke ba, har ya yi mana addu’a ya ɗaga hannu. Muna jiran Kaka ta yi kuka, sai ta matso da idon hagu, ta sa yatsa a kan gilas ta ce, “Ku dubi leɓensa, duk ya tsage. Yaron nan ba shi da mai.”

A ranar ta cika gwangwani da man kaɗe mafi kyau a ƙwaryarta, ta ɗaure da tsumma, aka ajiye sai da aka samu mai tafiya. Faifan kuwa ta kalle shi safiya da yawa a lungun nan, har lokacin da sai dai ta saurara. Takardun Baba sun fito bayan ta rasu. Da ya zo, ya ce gwangwanin ya daɗe da ƙarewa amma bai yar ba.

Yanzu gyaran kwamfuta ne sana’ata, ina da ɗan shago a Kawukudi. ’Ya’yana suna ganin kakansu a waya duk lokacin da suka so, wani sa’in ma su ce suna wasa, a kira an jima. Masu kawo mini gyara kuwa, da na’ura ta ɗan yi nauyi sai su ce a nemo sabuwa, ni kuma in ce su bari in buɗe tukuna. Ba na shafa wa kowa man kaɗe, kada ku ji tsoro. Amma har yau kafin in ɗauki sukuddireba, bayan hannuna nake fara ɗorawa.