Dubu Ba Uku

A Ɗanzomo na tashi, a shekarun da fatake ke ta kawo labarin wai jirgin ƙasa ya iso Kano. Da an idar da magariba kakata Iya Tabawa takan hura karan gero a bakin ɗakinta, mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta yawanci na dariya ne, amma akwai ɗaya da in ta fara ko tari ba mai yi.

Ta ce wani mayaƙi ya sauko daga arewa ya kewaye wani gari. Ya ce zai jera mutanen sahu-sahu, ya kora sahu ɗaya bauta. Wata tsohuwa mai saƙa, wadda ta san yawan mutanen garin, ta durƙusa ta roƙe shi ya rantse: kowane sahu ya zo daidai da ɗan'uwansa, kada ya yi sahu guda, kada ya tsayar da mutum shi kaɗai, kada ya zubar da jini. In rana ta faɗi bai daidaita ba, ya tafi. Ya yi dariya, ya dafa Alƙur'ani.

Mutanen garin dubu ne ba uku, har da na goye. Aka jera su bibbiyu, ɗaya ya yi saura. Uku-uku, ɗaya. Biyar-biyar, biyu. Bakwai-bakwai, uku suka tsaya a gefe. Dakarunsa na ta ture mutane cikin rana, ana sake lissafi, abu ya ƙi.

A nan Iya takan sassauta murya.

"To da la'asar sai naƙuda ta kama wata mata, Hajo, tana tsaye cikin sahu. In ta haihu, 'ya'yan nan, sun zama dubu ba biyu, gari ya rabu sahu biyu cif, rabi ya tafi."

Mata suka matso suka kare ta da jikinsu. Tsohuwar ta riƙe hannunta, ta raɗa mata, "Ki daure, 'yata, saura kaɗan." Hajo ta ciji bakin zaninta har ya yage. Mayaƙin ya kai talatin-talatin, ya wuce, yana duban rana yana zagi. Sai da ladan ya ɗaga murya, dawakai suka juya, sannan aka ji kukan jariri.

Da na girma wani malamin hisabi a Gumel ya gaya wa mijina cewa gaskiya ne, dubu ba uku ba ta rabuwa daidai, kuma irin waɗannan lambobi ba su da iyaka. Na daɗe ina ganin tsohuwar ce ta ceci garin da kaifin kanta. Amma ranar da na durƙusa haihuwar fari, ina riƙe da turmi, ban iya jinkirta ko numfashi ɗaya ba, Hajo ce ta faɗo mini a rai. Tun daga nan in ina ba jikokina labarin, a kanta nake daɗewa.