Baƙin Mai a Duron Gawayi

Mu uku ne a wannan zance: ni, da Goggo ƙanwar mahaifina, da Baffa yayansu, mai gidan da muke zaune a Demsawo. Goggo ta gudo daga Borno a shekarar da 'yan bindiga suka ƙone garin mijinta, da 'ya'ya huɗu, babu mijin. Wani dattijo ya ara mata gona a Namtari, bisa sharaɗin kada ta lalata masa ita. Abincin yaran ya rataya a kanta.

Gonar ta gaji. Ni kuwa ina shekarar ƙarshe a karatun ilimin ƙasar noma, kuma na san abin da gawayin ɓuntun shinkafa yake yi. Jikinsa cike yake da ƙananan ramuka, inda ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani suke fakewa su hayayyafa. Su ne suke fitar da sinadaran da ke narkar da kara da ganye su zama abincin shuka. Amma busasshen gawayi tsotse ƙarfin ƙasa yake fara yi, saboda haka sai an jiƙa shi da kashin shanu da fitsarinsu ya ƙoshi tukuna.

Na cika duro biyu a bayan gida. Ba zan ƙawata abin ba: ya yi ɗoyi, tsutsotsi sun taso, ƙudaje sun mamaye katanga.

"Wannan ne digirin?" in ji Baffa, yana toshe hanci da hula. "Mun tura ka jami'a, ka dawo mana da masai."

"Hamma, ka bar yaro," in ji Goggo ga yayan nata. "Ni da na kwana a daji, wari ne zai kore ni?"

Da na tafi makaranta rubuta jarrabawa, Baffa ya yi wa duro biyun abin da ake yi wa masai a unguwarmu: ya tuttula baƙin man mota da kalanzir. Bai gaya wa kowa ba. Baƙi ya shige cikin baƙi. Goggo ta ji ƙaurin, ta ɗauka cikin ilimina yake, ta kwasa ta barbaɗa a kowace kunya kafin shuka.

Masara ta tsiro rawaya, ta tsaya iya gwiwa. Na tona da hannu, ƙasar ta fito da maiƙo, babu tana ko ɗaya. Na kai samfur ɗakin gwajinmu tare da na gonar maƙwabci. Nasa ya rina ruwan gwajin ja, alamar ƙwayoyin suna raye suna aiki. Namu ko gezau.

Na tunkari Baffa a zaure. Bai ko daina cin goro ba.

"To ai warin ya mutu," ya ce. "Tsafta na yi muku."

Har yau, da nake koya wa manoma wannan aiki a Jimeta, ba na iya jin ƙaurin baƙin mai ban tofar da yawu ba.

Dattijon ya zo, ya shinshina ƙasar, ya goge yatsunsa a riga. "Ƙasana ya mutu," ya ce, ya karɓe gonarsa.

Asarar ke nan: kunya sittin na masara, duro biyu, damina ɗaya, gonar aro ɗaya.