Ruwan Munduwar Kaka

Shekarun baya, wata safiya a gidanmu na Gure, butar shayi ta fara ɗan kukan nan da take yi a kan garwashi. Ƙanwata, lokacin ba ta fi tsawon turmi ba, ta tsuguna ta ce, "Yaya, me ya sa take kuka tun ba ta tafasa ba, in ta tafasa kuma sai ta yi shiru?" Ni da ake kira ƴar lise a unguwa saboda ina babbar sakandare, sai kawai na ce ta matsa kada ta ƙone.

Ni na manta da tambayar, na yi aure. Ita ta bi ta har jami'a a Yamai, ta karanci kimiyyar haɗa sinadarai. Daga baya aka ba ta gurbin karatun digirin doktora a ƙasar waje, a wani fanni da sai da ta maimaita min kafin na kama. Wai ana aika sauti siriri, wanda kunnen mutum ba ya ji, cikin ruwa, sai ya haifi ƙananan kumfa su riƙa fashewa, ƙarfin fashewarsu ya raba abin da ya manne. Burinta ta riƙa fitar da man ƴaƴan aduwa ba tare da wuta ta ƙona shi ba. In na kishingiɗa da rana sai in riƙa ganin kumfan nan kamar taurari a gindin randa.

Saura Kaka. A gidanmu, in mutum zai yi tafiya mai nisa, babbar gida ce take zuba ruwa a bakin ƙofa ya taka ya wuce. In ba ta zuba ba, ba a fita. Kaka kuwa ta ce, "Sautin da ba a ji? Wannan ai na mutanen ɓoye ne. Jikata ba za ta yi musu aiki ba."

Sai ƙanwata ta aro wata na'ura daga labo, ɗakin gwaje-gwajensu na jami'a, kamar tasar ƙarfe mai igiyar kuran, wato lantarki. Ta cika ta da ruwa a tsakar gida, ta ce, "Kaka, ba aljani ba ne, Allah ne ya halicce shi kamar iska. Ba ni wani abu mai dauɗa ki gani."

Kaka ta yi dariya, ta zare munduwar azurfar da ba ta rabuwa da ita. Ta mahaifiyarta ce, an ƙera mata tun zamanin Nasara, ta yi baƙi ƙirin har cikin zanen da aka yi mata. "In kwanon naki ya isa, ya taɓa wannan, malama."

Har yanzu ina ganin abin kamar mafarki. Ba hannu, ba soso, ba toka. Ruwan ya ɗan yi rawa, sai wani baƙi-baƙi ya riƙa tashi daga munduwar kamar hayaƙin turare, yana murɗawa a hankali. Da aka fito da ita, ga ganyen dabino ƙanana an zana kewaye da ita, ba wanda ya san suna nan a cikinmu. Na rangaɗa guɗa, ni uwar azarɓaɓi.

Kaka ba ta kalli zanen ba. Hanci ta kai ta. Ta sake kai ta. Sannan ta ce a hankali, "Ina ƙamshin humrarta? Kun wanke min uwata."

Ta juye baƙin ruwan a ƙwarya, ta shige ɗaki da shi. Daga ranar, gaisuwa kawai take amsawa. Ƙanwata ta yi ta kuka, ta ce za ta bar musu gurbinsu. Ni dai na ɗaure mata kaya, ina kai kukana wurin Allah a kowace sujada, don ban san wadda zan ba haƙuri ba a cikinsu.

Yau tana koyarwa a jami'a, ɗalibai suna ce mata Madam, Kaka kuwa ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙanta. Abin da ya zauna min shi ne, ba duk baƙin da ido ya gani ba ne dauɗa. Ko tsohon faifan wani zan wanke, sai na tambaya tukuna. Kuma in na tuna, ba digirin nake fara tunawa ba. Safiyar tafiyar nake tunawa, bayan sallar asuba, motar Zinder tana gab da tashi, ni da ƙanwata zaune a kan akwati. Sai ga ƴata ƙarama, wadda take kwana ɗakin Kaka, ta taho tana murza ido, ta ja min zane.

"Inna, Kaka ta zuba ruwan ƙwaryar nan a bakin ƙofa, duka. Ta ce Tanti ta zo ta taka tun bai bushe ba."