Ranar da na je Kuberi ban tarar da mazan ba

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, sashen nazarin zamantakewa, na zaɓi yin bincike kan 'yan ci-rani. Na tsara tambayoyi, na buga su a Jega, na hau mota zuwa Maiyama ina ji da kaina. Saura mako uku a rufe karɓar aikin, kuma duk wanda bai miƙa ba sai ya maimaita shekara.

Daga can na hau babur zuwa Kuberi, cikin tsakiyar bazara. Na yi sallama gida na farko, aka ce maigida yana Legas. Na biyu, Ibadan. Kafin azahar na shiga gida tara, ko takarda ɗaya ban cike ba.

Wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa a tsakar gida ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗiyata, mi kika biɗa?"

Na gaya mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yanzu? Ai sun tahi tun da anka gama kaka. Sai ruwa ya sauka. Duk bokon ga naki ba a hwaɗa miki ba?"

Ni da na tashi a Aliero, inda maza ke gida suna noman albasa duk rani, abin bai taɓa zo mini a rai ba. Haushin kaina ya kama ni, na zauna bakin turmi ina hawaye.

Ta turo mini kwanon gyaɗa. "Ɓare. Su tahiya kaɗai sunka sani. Abin da ag gida, mu za ki tambaya."

Ta aika aka kira matan maƙwabta. Kwana huɗu na yi ina komawa. Sun faɗa mini wanda ke bugo waya da wanda ya yi shiru, da yadda mace ke yanke shawarar sayar da akuya ita kaɗai in yaro ya kwanta ciwo. Rabin tambayoyina ba su yi amfani ba, sai na juya takardun ina rubutu a bayansu.

Ranar da na kai wa malamin da ke duba aikina, na san ba abin da muka shirya ba ke nan. Ya daɗe yana karantawa. Can ya soke kan maganar da jan biro, ya rubuta sabo: matan da ci-rani ya bari a gida. Ya sa hannu, ya ce in kai a ɗinke shi littafi.

Murna ta sa na fice a guje. Sai da na kai baranda na lura takalmina ɗaya na can cikin ofishinsa.